Dukiyar Da Ke Tashi Cikin Hayaƙin Tanderu

A cikin abubuwan da masana'antun wannan zamani ke zubarwa, waɗanda mutane ke ratsawa ta gefensu ba tare da sun waiwaya ba, da wuya a sami wanda ya haɗa amfani da cuta a jiki ɗaya kamar ƙurar da ke fita daga tanderun narkar da ƙarfe. Domin kuwa ita wannan ƙura, wadda in mutum ya gan ta jibge a bayan masana'anta zai ɗauka jar ƙasa ce kawai, tana ɗauke da tutiya fiye da abin da ake samu a cikin duwatsun da mahaƙa ke shan wahalar tonowa daga ƙarƙashin ƙasa, tana kuma ɗauke da dalma da kadmiyam, waɗanda kaɗan daga cikinsu ya isa ya raunana ƙwaƙwalwar yaro ko ya lalata ƙodar babba. Dabarar raba alherinta da sharrinta ta kai shekara ɗari a hannun mutane, amma duk da haka har yau ana binne ta a ƙasashe da dama, a wasu ma ba a ko kama ta, iska ce ke rarraba wa maƙwabta. Dalilin wannan jinkiri shi ne abin da nake so mai karatu ya yi haƙuri mu bi diddiginsa tare, domin ni a ganina matsalar ta fi karkata ga shari'a da amana fiye da ilmin sinadarai.

Ƙarfen da duniya ke narkarwa a shekara guda ya kai wajen tan miliyan 1,900, kuma fiye da rubu'insa a tanderun lantarki ake yin sa, watau wata ƙatuwar tukunya da ake cika ta da tsofaffin ƙarafa, a sauko da sanduna uku na baƙin gawayi daga sama, wuta ta riƙa tsalle tsakaninsu da ƙarfen har zafi ya kai digiri 1,600, kome ya zama ruwa. A Amurka wajen kashi 70 cikin ɗari na ƙarfensu ta wannan hanya yake fitowa, Turkiyya ma kusan haka, Italiya kuwa ta zarce kashi 80. To, su waɗannan tsofaffin ƙarafa ba tsirara suke zuwa ba. Tun da maƙera suka gane cewa babu maganin tsatsa mai araha kamar a shafe ƙarfe da tutiya, wannan farin ƙarfen da ke sa sabon kwanon rufi ƙyalli, sai ya zama kusan rabin tutiyar da duniya ke tacewa a wannan aiki take ƙarewa: jikin mota, da bokiti, da bututun ruwa, da wayar shinge, da turakun lantarki. Ran da motar ta mutu aka kai gawarta tanderu, ƙarfen zai narke ya kwanta, amma tutiyar ba ta iya jure wannan zafi, saboda ita a digiri 907 take tafasa. Sai ta tashi tururi, ta gamu da iska, ta ƙone ta zama gari, ta cakuɗe da ɓurɓushin ƙarfe da farar ƙasa da dalma da kadmiyam da gishirin da ke fitowa daga fenti da roba, ta bi hayaƙi. Inda masana'anta ke da mutunci, akwai ɗaki cike da dogayen jakunkunan ƙyalle da hayaƙin ke ratsawa, su tace ƙurar su tara ta.

Kowane tan ɗaya na ƙarfe yana barin kilo 15 zuwa 20 na wannan ƙura. Adadin kamar kaɗan ne, sai an yi lissafi: masana'antar da ke narkar da tan miliyan guda a shekara za ta wayi gari da tan dubu 15 zuwa 20 da ba ta san inda za ta kai ba, duniya baki ɗaya kuwa miliyoyin tan ke taruwa mata kowace shekara. Tutiyar da ke ciki takan kama daga kashi 15 zuwa 35 cikin ɗari, gwargwadon irin ƙarafan da aka zuba, alhali kuwa mafi yawan ma'adinan da ake haƙa a Ostareliya ko Peru ko Sin ba su kai kashi 10 ba kafin a wanke su. Bilhasali dai, abin da mai tanderu ke kira shara ya fi abin da mahaƙi ke kira arziki daraja.

Magabata ba su jahilci wannan sirri ba. A ƙarni na 13 matafiyin nan Marko Polo ya ba da labarin abin da ya gani a yankin Kirman na ƙasar Farisa, inda ake gasa wani dutse a tanderu, a ɗora ragar ƙarfe a bisansa, hayaƙin ya manne a jikinta, a kankare shi a sayar wa masu maganin ido. A Zawar ta ƙasar Hindu kuwa, a wajen wannan zamani, har sun iya kama tururin su mai da shi ƙarfe. Hikimar ba ta wuce abin da kowace mai girki ta sani ba, cewa abin da ya tashi daga tukunya in ya tarar da murfi mai sanyi zai taru a jikinsa. Abin da Jamusawa suka ƙara a shekarun 1920, a ƙarƙashin kamfanonin Krupp da Metallgesellschaft, shi ne suka mai da wannan hikima inji mai cin dubban tan, wanda ake kira tanderun Waelz. Da fari don ma'adinai marasa ƙarfi da ragowar matatu aka ƙirƙire shi. Daga baya, da tanderun lantarki suka yawaita, aka ga babu abin da ya dace da ƙurarsu kamarsa, har ya zama mafi yawan ƙurar da ake tacewa a duniya yau ta cikinsa take bi.

Siffarsa wani dogon bututu ne na ƙarfe, an lulluɓe cikinsa da bulo mai jure wuta, tsawonsa mita 40 zuwa 60, faɗinsa mita uku ko huɗu, an ɗan karkata shi yana juyawa sannu a hankali. Ana kwaɓa ƙurar da ruwa da garin gawayin kwal da farar ƙasa, a dunƙule ta ƙananan curi domin kada iska ta kwashe ta, a zuba ta bakin sama. Tana gangarowa tana birgima, zafi na ƙaruwa har ya kai wajen digiri 1,200, gawayin ya ƙwace iskar da tutiyar ta riƙe, ita kuma ta sake tashi tururi karo na biyu, ta ƙone a sararin bututun, ta bi hayaƙi ita da dalma da kadmiyam, a kama ta a jakunkuna. Wannan garin na biyu tutiyarsa takan kai kashi 55 zuwa 65 cikin ɗari. Amma ba a kai shi matata nan take, sai an wanke shi da ruwan kanwar masana'anta an fitar da gishirinsa, domin matatun tutiya da wutar lantarki suke ware ƙarfen daga ruwan tsami, shi kuwa gishirin kulorin da na fulorin cinye farantan yake yi, ya sa tutiyar ta manne ta ƙi ɓamɓaruwa. In an wanke, matata ta saya, ta fitar da tutiya tsantsa, ta ware dalma da kadmiyam wuri guda, sannan tutiyar ta koma jikin sabuwar mota. Babban mai wannan sana'a a yau shi ne kamfanin Befesa, wanda ke da tanderu a Duisburg da Freiberg a Jamus, da kusa da Bilbao a Sifen, da Iskenderun a Turkiyya, da Koriya ta Kudu da Sin da Amurka.

Wajibi ne a faɗi aibin wannan hanya, domin masu tallarta ba su cika faɗa ba. Ƙarfen da ke cikin ƙurar, wanda shi ma yakan kai rubu'i ko sulusin nauyinta, ba ya dawowa. A bakin ƙasa yake fitowa ya zama kashin tanderu, wanda nauyinsa ya fi rabin abin da aka zuba, in an yi dace a shimfiɗa shi a ƙarƙashin hanya ko a sa a siminti, in ba a yi ba a binne. Ga kuma gawayin da ake ƙonawa, wanda hayaƙinsa na cikin masu ɗumama duniya, ga wani dafi mai suna dayoksin da ke haɗuwa in hayaƙin bai huce da sauri ba, wanda sai an sa garin gawayi na musamman ya tsotse shi. Saboda haka masana suka daɗe suna neman hanyar da ta fi. Wasu suka ce a bar wuta, a jiƙa ƙurar a ruwan magani ya narkar da tutiyar, sai suka ci karo da wata illa: kaso mai yawa na tutiyar ya riga ya ƙullu da ƙarfe tun a cikin hayaƙin farko, sun zama wani dunƙulallen sinadari mai taurin kai da ruwan magani mai sauƙi ba ya kwance shi, mai ƙarfin kuwa in ya kwance shi sai ya narkar da ƙarfen duka, a rasa yadda za a rabu da shi. An gwada irin wannan a Osoppo ta arewacin Italiya a shekarun 1990, bai yaɗu ba. Japanawa kuma suka bi ta tanderu mai faffaɗan faranti mai kewayawa, wanda ke fitar da tutiyar ya kuma bar ƙarfen a yanayin da za a iya mai da shi tukunya, kuma a ra'ayina wannan ce alƙiblar da ta fi dacewa da hankali, ko da yake tsadar gininta da wuyar sarrafa ta sun hana ta ture tsohon bututun Jamusawa. Ƙurar ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa hukuncinta dabam ne, domin abin nema a cikinta nikel ne da kuromiyam, kuma a Landskrona ta Suwidin akwai masana'antar da ke narkar da ita ta mayar wa masu ita.

Yanzu mu zo kan asalin mas'alar. In tutiyar na da wannan daraja, me ya sa kowa bai ruga ya tace ba? Amsa ita ce kuɗin tutiyar shi kaɗai ba kullum yake ɗaukar nauyin aikin ba. Mai tanderun Waelz da hannu biyu yake karɓa: matata ta biya shi kuɗin gari, masana'antar ƙarfe kuma ta biya shi ladan ɗauke mata ƙura. Shi kuwa mai masana'anta ba zai biya ko kwabo ba muddin yana da kwazazzabon da zai zuba kyauta. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa wannan ƙura cikin jerin shara mai haɗari a 1980, da lambar K061, kuma kafin ƙarshen shekarun 1980 ta hana binne ta ba tare da an kashe dafinta ba. Tarayyar Turai ma ta sa ta cikin irin wannan jeri. Da zubarwa ta yi tsada, sai tacewa ta zama ciniki. Inda aka bar binnewa da araha, ko aka rubuta doka aka rufe ido, can ne ake tara tsaunukan ƙura, ruwan sama na wanke dalmarsu yana kai wa rijiyoyi. Wanda duk ya duba taswirar inda ake tacewa da inda ba a yi, zai ga ta fi bin ƙarfin hukuma fiye da yawan injiniyoyi.

Ko bayan doka, kasuwa na iya kayar da mai ƙoƙari. Kamfanin Horsehead, wanda ya daɗe yana tace mafi yawan ƙurar Amurka, ya rufe tsohuwar matatarsa a Pensilbeniya ya kashe fiye da dala miliyan 500 wajen gina sabuwa a Mooresboro ta jihar Karolina ta Arewa, wadda aka buɗe a 2014. Injuna suka ƙi tafiya yadda aka tsara, farashin tutiya a kasuwar ƙarafa ta Landan ya faɗi zuwa wajen dala 1,500 a kan tan, a farkon 2016 kamfanin ya je kotu ya ce bashi ya fi ƙarfinsa. Shekara shida bayan haka tan ɗin nan ya haura dala 4,000, amma a lokacin tanderun kamfanin sun riga sun koma hannun Befesa, wanda ya saye su a 2021. Abin lura a nan shi ne, duk shekarun da kasuwa ke hawa da sauka, ƙurar ba ta daina fitowa ko yini ɗaya ba, dalmar da ke cikinta kuma ba ta san farashi ba. Don haka ƙasar da ta jingina lafiyar mutanenta a kan ribar ɗan kasuwa kawai ta jingina ta ga abin da ba shi da tabbas.

Akwai kuma gajerun hanyoyi da kwaɗayi ke nunawa, waɗanda sun fi binnewa muni. Da yake amfanin gona na bukatar tutiya kaɗan, an daɗe a Amurka ana zuba wannan ƙura cikin takin zamani da izinin doka, dalmarta da kadmiyam ɗinta duka, har sai da jaridar Seattle Times ta tona al'amarin a 1997, bayan koken manoman wani ƙaramin gari mai suna Quincy, hukuma ta toshe ƙofar a 2002. Kadmiyam kuwa ba baƙo ba ne ga likitoci, domin shi ne ya shiga shinkafar mutanen kogin Jinzu a Japan daga ragowar wata mahaƙar tutiya, ya lalata musu ƙoda ya rarake musu ƙashi, gwamnati ba ta amince cewa shi ne sanadin cutar ba sai 1968. A watan Mayu na 1998 kuma, a masana'antar Acerinox kusa da Algeciras ta kudancin Sifen, wani ƙaramin kwanso mai sinadarin siziyam-137 ya ɓuya cikin tsofaffin ƙarafa ya wuce na'urar bincike ya shiga tanderu. Ƙarfen bai riƙe shi ba, ƙura ce ta kwashe, ta gurɓata wuraren da aka kai ta, na'urorin Faransa da Suwizalan da Italiya suka ji alamarsa a iska. Duk abin da aka yi sakaci da shi a ƙofar masana'anta, a ƙurar nan ake tarar da shi.

Malaman fiƙihu sun shimfiɗa ƙa'idoji biyu da suka hau wannan mas'ala daidai. Shari'a ta hana tozarta dukiya, kuma binne tutiyar da aka sha wuyar haƙowa, alhali ana ci gaba da fasa duwatsu don neman wata, almubazzaranci ne bayyananne. Amma sun kuma ce tunkuɗe ɓarna shi ake gabatarwa a kan jawo maslaha, kuma wannan tartibi shi ne ya kamata ya zama ma'aunin kowace hukuma: a fara tambayar ina dalmar ta tafi, sannan a tambayi nawa tutiyar ta kawo. Mai masana'antar da ya ci ribar ƙarfe ya bar wa maƙwabcinsa hayaƙi ya ɗauki haƙƙin da ba zai iya biya ba, domin yaron da dalma ta taɓa wa ƙwaƙwalwa ba ya komawa yadda yake. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. 'Yan jari bola da 'yan gwangwan da ke zaga unguwannin Kano da Kaduna da Sakkwato su ne bakin wannan kogi, tireloli na kwasar abin da suka tara zuwa masana'antun Ikorodu da Ogijo da Ota da Ikirun, inda ake narkarwa a yi rodin da muke gini da shi. Tsohon kwanon rufinmu kuwa, mai ɗauke da tutiya, yana cikin lodin. Yawancin tanderun nan ƙanana ne, ba irin na Turkiyya ba, amma tutiya da dalma a cikinsu ma tashi suke yi, kuma koken mazauna waɗannan garuruwa a kan baƙin hayaƙi ya sha fitowa a jaridu. A lokaci guda ana haƙar dutsen dalma da tutiya a jihar Ebonyi da yankin Zurak na Filato ana fitar da shi ɗanye, mu kuma muna sayo tutiyar da aka tace daga waje. Ba na cikin masu cewa a ruga a gina tanderun Waelz gobe, domin irinsa ba ya ci sai da dubban tan a jere, kuma mun ga abin da ya sami masana'antar ƙarfe ta Ajakuta, wadda aka aza harsashinta tun wajen 1980. Matakin farko shi ne jakar tace hayaƙi a kowace masana'anta, tana aiki dare da rana. Sai a auna abin da ta tara, a rubuta, a adana shi a rufaffen wuri. In ya taru, ko dai masana'antun su haɗa hannu su kafa wurin tacewa guda, ko a sayar wa masu tanderu a waje bisa ƙa'idar yarjejeniyar Basel ta 1989, wadda sharar da aka jibge mana a garin Koko daga Italiya a 1988 tana cikin abin da ya zaburar da duniya a kanta.

Abin da na fi tsoro shi ne labarin darajar ƙurar ya riga dokarta isowa, matasa su fara sayenta buhu-buhu suna gasawa a bayan gida. Mun san ƙarshen irin wannan, domin a 2010 fiye da yara 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda niƙan dutsen zinariya mai dalma a tsakar gida. Don haka ina kira ga hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 domin irin wannan aiki, da ma'aikatun muhalli na jihohin da masana'antun nan suke, su wajabta wa kowane mai tanderu ya bayyana yawan ƙurar da ya kama a shekara da inda ya kai ta, su haramta sayar da ita ga wanda ba shi da lasisi, su kuma sa a auna jinin ma'aikata da na yaran da ke zaune kusa da bangon masana'anta, a sanar da iyayensu sakamakon.